Kofunan Azurfar da Mahaifiyata Ta Goge

Haƙƙin uwa a kan ɗanta shi ne kada ya ɗaga mata murya, ko da ita ce ta yi kuskure. Na san haka tun ina yaro, amma ban kiyaye ba. A lokacin ina aikin adana takardu a wani asibiti a London, ina zaune a unguwar Stratford, kuma na shafe shekaru ina tara tsofaffin kofunan azurfa na Faransa. Guda tara ne. Kowanne yana da shafinsa a kundina: inda na same shi, nauyinsa, da hatimin maƙerin da ya ƙera shi.

Da Inna ta zo ganin jikokinta, sai ta tarar da kofunan sun yi duhu a cikin kabad. Ba ta san cewa masana suna daraja wannan duhun ba. A wurinta, kwano mai baƙi abin kunya ne ga mai gida. Ta sayo soson ƙarfe a unguwar Peckham, ta wuni tana dirza su har yatsunta suka kumbura. Na dawo aiki na iske ta jera su a kan tebur tana murmushi. Ruwan zinaren cikinsu ya tafi, hatimin guda huɗu ya shafe. Na ɗauko kundin, na yi ta buɗe mata shi shafi bayan shafi, ina yi mata faɗa a gaban 'ya'yana. Abin da ta ce kawai shi ne in yi haƙuri, ita ba ta yi boko ba.

Sauran makonni ukun da ta yi, ko cokali ba ta ɗauka sai ta nemi izini. Shekara huɗu ke nan da komawarta Kano. Ta ce ta yafe, amma duk sanda na ambaci biza sai ta ce gidana ya fi ƙarfin hannunta. Na gaji da kallon kabad ɗin. Duk wanda ya ajiye abin da mahaifiyarsa ba za ta iya taɓawa ba, to ya sake tunani.

Saboda haka ina roƙon Edita, cikin girmamawa, ya buga wannan takarda yadda take. Ƙanwata ce ke karanta wa Inna mujallar nan. Ina so ta ji cewa kofunan sun sake yin duhu, kuma na hana kowa goge su sai ita.