Ka Haɗiye Tiyon Don Babana Ya Yarda

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, gab da azahar, Allah ya karɓi ranka, Farfesa. Na rubuta jimlar nan da hannuna, na sake karanta ta, amma har yanzu ta ƙi shiga kaina. Da safiyar ranar ka leƙo ɗakin kyamara riƙe da kofin shayin da ya riga ya huce, ka yi mini ƙorafin fankar ɗakin da ke kuka, ka haye sama wajen ɗalibanka. Sun ce kana gaban allo kana zana musu hoton ciki, sai ka dafa teburi ka ce a ɗan dakata maka. Ba ka ƙara cewa komai ba. Likitoci suka ce zuciya ce. Bene ɗaya ne tsakanina da kai, amma ban ji ka faɗi ba, sai dai na ji ka rasu.

Ni ce nas ɗin da ta daɗe tana tsayawa a gefenka. Aikina in riƙe kan majinyaci, kai kuma ka zura siririn tiyo mai kyamara ta bakinsa, mu ga abin da ke cikinsa a kan allon talabijin. Rayuwarka duka a kan ciki ta ƙare. Ka ɗauki shekaru kana bin wata ƙwayar cuta da ke maƙalewa a bangon ciki tana haddasa gyambo, kana neman dalilin da ya sa maganin da aka saba bayarwa ya daina kashe ta a jikin wasu mutane. Sai ka tsinko ɗan nama da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ka kai ɗakin gwaji ka reni cutar, ka yi ta gwada mata magunguna har ka gano wanda take tsoro. Mutane suna zuwa sun haƙiƙance yunwa ce ko damuwa ta ba su olsa, kai kuma ka zaunar da su ka yi musu bayani ba tare da ka sa sun ji sun yi wauta ba.

A bayan idonka Dokta Me-ka-ci muke kiranka, kuma na san ka sani. Mai gadi in ya yamutsa fuska sai ka tsaya ka tambaye shi abin da ya ci. Kana iya ɗauko zancen launin bayan-gida muna tsakiyar cin abincin rana, mu watse mu bar maka teburin, kai ko a jikinka. Mai ɗakinka ta taɓa gaya mini ta kafa doka a gida: muddin akwai faranti a gaban mutane, ba a zancen hanji. Ta ce dokar ba ta taɓa yin mako a raye ba.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Don Baba ne.

Mahaifina tsohon direban babbar mota ne, mutumin da ba a juya shi. Tun bara cikinsa ya sa shi gaba. Ya rame, ya dinga ƙara huda bel ɗinsa a ɓoye da ƙusa, abinci yana dawo masa, bayan-gidansa ya yi baƙi. Ni da nake wannan aiki na san abin da alamun nan kan iya nufi, kuma in faɗi gaskiya, ciwon daji nake tsoro. Na roƙe shi ya zo a duba cikinsa da kyamara, na yi kuka, na turo masa ƙannensa da abokansa. Ya ce shi ba tankin mai ba ne da za a zura masa tiyo. Duk asibitin nan suna jin maganata, amma a gidanmu ni yarinya ce da ta yi karatu ta raina manya.

Da na gaya maka, ba ka ba ni haƙuri ba, ka ce in kawo shi ku gaisa kawai. Ran Jumma'ar da ta gabaci rasuwarka na kawo shi. Ya zauna a bakin kujera, hannu a kan sanda, ya dube ka ya ce, "Likita, kai ka taɓa haɗiye abin nan, ko dai a bakin mutane ka iya sa shi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa dariya ka yi. Ashe ka san tambayar za ta zo, don tun safe ba ka sa komai a bakinka ba. Ka cire farar rigarka, ka kira mataimakiyarka, ƙaramar likitar da kake koya wa aiki, ka hau gadon majinyata ka kwanta ta gefen hagu. Ni na riƙe kanka. Idanunka suka kawo ruwa, ka yi kakarin amai, tiyon ya wuce, cikinka ya fito a allo, Baba ya miƙe tsaye bai sani ba. Da aka zare, ka goge baki ka ce, "To Baba, ka ga cikin farfesa. Fanko ne." Rabon da in ji dariyar mahaifina irin ta ranar har na manta. Ya ce ya yarda a yi masa ran Alhamis, amma da sharaɗin kai za ka riƙe tiyon, ba wani ba.

Ka rasu ran Talata.

Na koma gida na gaya masa. Ya je jana'izarka, ya dawo ya shiga ɗaki ya rufe. Da na kai masa ruwa ya ce, "Wanda na yarda da shi ya tafi. Kar ki sake tayar mini da maganar." Farfesa, kuka biyu na yi a ranar. Ɗaya naka, ɗaya na mahaifina, domin na ga ƙofar da ka buɗe da ƙyar ta rufe, kuma ba ni da mabuɗinta.

Ran Alhamis da safe na fito zan tafi aiki, sai na tarar da shi zaune a ƙofar gida, ya sa hula, karin kumallonsa yana gefe bai taɓa ba. Bai dube ni ba, ya ce in tare mana mota. Duk hanya ina tsoron kada kalma ɗaya ta sa ya juya.

Ɗakin kyamara yana nan yadda ka bar shi, rigarka a rataye bayan ƙofa. Mataimakiyarka ta shigo idanunta a kumbure. Ta san sharaɗin Baba, ta kuma san ba ita ya zaɓa ba. Wannan yarinya ko maganin da ya ɗan yi girma da ƙyar take haɗiyewa, amma sai na ga ta cire takalmi, ta nufi gadon, ta ce mini in kira wani likita ya fara yi mata.

Baba ya ɗaga sandarsa ya tare ta. "Dakata, 'yata," in ji shi. "Mutumin nan ya riga ya sha wannan wahalar saboda ni. Ba zan bari ta tashi a banza ba." Ya miƙa mini sandar da hular, ya kwanta ta gefen hagu ba wanda ya gaya masa. Na riƙe kan mahaifina a inda na riƙe naka.

An ga gyambo, babba, kuma gefensa bai kwanta wa ƙaramar likita a rai ba. Ta tsinko nama ta aika gwaji. Sakamako bai fito ba tukuna, kuma mutumin da zan kai wa takardar ya dube ni ya gaya mini gaskiya ba ya nan. Ina jin tsoro. Sai dai ko me ya fito, yanzu an gani, za a san da me ake faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, da ɗalibanka da suka ga faɗuwarka da idanunsu, da mahaifiyarka wadda ta tsufa tana zaton kai za ka raka ta. Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Kai kuma, Farfesa, Allah ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa duk cikin da ka sanyaya ya zame maka haske. Baba ya ce in gaya wa iyalinka bai iya dogon jawabi ba, amma ya sa ka cikin addu'ar da yake yi wa iyayensa, kuma ba zai cire ka ba muddin yana numfashi.

Allah ya jiƙan ka.