Hafsa Ta Ƙi Juya Shafi

Jama'a, shawara nake nema. Maƙwabciyata ke rubuta min, ni ban yi karatu ba.

'Yata Hafsa a gida take karatu, nan unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki. Malamarta ta koma Kano, ga jarabawar shiga sakandare bayan Hajji.

Jiya na tarar da ita kan littafin lissafi, a shafin da malama ta bar ta.

Na ce, "Yalla, juya gaba mana!"

Ta ce, "Umma, wa zai ƙara min? Ko a allo ba a wuce inda malam ya tsaya."

Yaya ake sa yaro ya yi karatu shi kaɗai?

Babanta kaɗai na gaya wa, ya ce sai ya dawo daga aikin Mina.