Wayar da Mama Rifkatu Ke Zarewa

Damina biyar ke nan da muka rufe abokina Danladi a bayan gidansu a Manga. Har yau in hadari ya haɗo a Zuru, shi nake fara tunawa, kuma dariya ke riga hawaye zuwa.

Ofis ɗaya muka yi aiki, ni akawu, shi mai kula da kwamfutoci. Akwai wata babbar kwamfuta a ɗakin aikinsa, muna ce mata uwa. A cikinta yake kafa doka: wa zai buɗe wane fayil, wace firinta kowa zai aika wa takarda. Sauran kwamfutocin, da an kunna su sai su bi waya su karɓo dokar. Wadda ba ta karɓa ba, sai ya je ya buga mata wata 'yar kalma, gpupdate, ta sake tambayo uwa. Mukan tsokane shi da yawon tebur-tebur, ya ce ga wanda ya yi golmo, wato noman surukai, kafin su ba shi mata, ai wannan hutu ne.

Kwamfuta ɗaya ce ta gagare shi, ta Mama Rifkatu, mai buga mana takardu tun zamanin tafireta. Mijinta soja ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya. Kullum tata ba ta ganin firinta, ba ta ganin fayil ɗin kowa. Oga ya fara faɗa a fili, wai tsufa ne, in ba za ta iya ba a kawo wata. Kowa ya san aikinta na lilo.

Danladi ya sauya waya, ya bincika uwa, a banza. Sai ran nan ya zauna kusa da ita yana kallo. Ashe baiwar Allah nan zare wayar take yi! Sai za ta fitar da takarda take mayarwa, lokacin kuwa an gama rabon doka. Tsawa ce ta taɓa bin eriyar gidansu ta kashe ƙaninta, ga wayar ofis ta bi ta saman rufi kamar eriyar.

Ya ce, "Mama, ki sa wayar mana kafin ki kunna."

Ta ce, "Ɗana, ba ka ga abin da na gani ba."

Bai ƙara ba, bai kuma kai wa Oga ba. Daga ranar, kowace safiya sai ya zo gaishe ta. Yana tambayar gajiya da lafiyar yara, hannunsa na mayar da waya, yana buga kalmarsa. Firinta ta dawo, fayil ya buɗe. Oga har yabo ya yi, wai Mama ta waye. Ni da teburina ke gefe nakan cije leɓe kada in yi dariya.

Yanzu kowa da salula a aljihu, kowa da filashi mai kwaso cutar kwamfuta daga kafen intanet. Wanda ya gaji Danladi gwani ne, ban raina masa ba, daga kujerarsa yake gyara komai, wasu ma ba su san fuskarsa ba. Da Danladi na nan da ya yaba, na sani, sannan ya tambaya wa ke zagayawa ya ga mutanen.

Babur ne ya kayar da Danladi a hanyar Ribah, tsakiyar damina. Ranar da muka koma aiki bayan zaman makoki, Mama ce a raina. Hadari ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu. Ta shigo, ta daɗe tana kallon taga, sannan ta dubi ƙofa. Sai ta durƙusa, ta sa wayar, ta kunna.

Ta ce da ni, "Malam, yau ba mai zuwa gaishe ni."

An sauya uwa, an goge dokokinsa kaf. Mama kuwa ta riƙe aikinta har ta yi ritaya da mutuncinta, autarta na kwaleji. Ina kewarka, Danladi. Allah ya ba ka hutawa.