Na'a-na'ar da Evelio Ya Sata

A unguwar da ke bayan mashigin masunta a garin Gibara, abu biyu aka san Evelio Carbonell da su: bai taɓa ɗaukar abin wani ba, kuma duk ranar Lahadi yana haɗa mohito, abin shan nan na giyar rake da na'a-na'a. Na farkon maƙwabta suna yi masa uzuri ne saboda na biyun.

Duk shekarun aikinsa a wata ma'ajiyar kayan gini ya yi su, mabuɗi na hannunsa. Rabin gidajen layinsu da simintin ma'ajiyar nan aka gyara su, wanda abokan aikinsa suka riƙa fitarwa ta bayan fage, amma rufin ɗakin Evelio har ya bar aiki yana yoyo. Ranar da ya yi ritaya an ba shi takardar yabo. Matarsa Onelia ta rataye ta a bango, daidai wurin da ruwa ba ya sauka.

Lahadi kuwa, da an gama cin shinkafa da wake, sai ya fito da tebur tsakar gida ya jera dogayen kofunan gilashi. Sukari cokali biyu, ruwan lemun tsami, ya juya har su narke. Sannan ya je wajen wani tsohon baho a gindin katanga ya tsinko na'a-na'a, reshe guda har da karansa, ya sa a kofi, ya ɗiga ruwan soda, ya danna karan da 'yar taɓaryar katako. Karan yake dannawa, ganyen ba ya taɓa shi. Ya ce mai dagargaza ganye miya yake nema. In sabuwar kwalbar giyar rake ce, sai ya fara ɗiga wa mamata nasu rabon a kusurwa kafin ya zuba wa masu rai. Ƙanƙara a ƙarshe, idan masu wuta sun yarda ta daskare.

Na'a-na'ar bahon nan ta mahaifiyarsa ce. Da ita ta sauko daga ƙauye a cikin gwangwanin madara, ta rasu ta bar ta. Karanta ja-ja, ganyenta faffaɗa. Ta kasuwa kuwa Evelio ya ce man goge baki ce da aka yi wa ganye.

Shekarar da guguwa ta taso daga teku, ta ɗauke kwanon rufin wasu, ta bar na Evelio, wataƙila don ta ga ba abin ɗauka. Amma ta watsa ruwan gishiri a tsakar gidan, na'a-na'ar ta yi baƙi ta mutu har saiwa.

Irin bai ƙare a duniya ba, domin akwai shi a gidan Zenaida, tela, bazawara, wadda ta riƙe 'yarsu ranar baftisma, shi ya sa take kiransa kompadre, yake kiranta komadre. Gidanta na bayan wata doguwar katanga da ta tare iska. Kowa ya san ranar baftismar ce ta tsinke reshe a bahon Evelio ta ɓoye a jaka, ita kuma har yau cewa take tsuntsu ne ya yar mata da shi.

Zenaida ba ta da rowa. Ta kawo masa reshe a jiƙaƙƙen tsumma, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya dasa. Ya bushe. Ta sake kawowa, ya ƙara godiya fiye da ta farko. Ya sake bushewa. Mai yiwuwa gishirin bai gama fita daga ƙasar bahon ba, amma ba wanda ya ɓata lokaci a kan wannan tunani, tunda duk layin an san dalili: shukar da aka ba ka kyauta ba ta kamawa, balle ka yi godiya. Sai wadda ka sata.

"To shi ke nan," in ji Evelio. "Mun sha rabonmu."

"Tsoho, reshe ne fa," in ji Onelia. "Ba akuya aka ce ka kora ba."

"Haka ake farawa."

"Kana da shekara saba'in. In yanzu ka fara, ina za ka kai?"

Lahadi ta riƙa zuwa tana wucewa, teburin na jingine. Ana haka Zenaida ta sanar cewa ɗanta ya matsa sai ta koma wajensa Habana, babban birni, masu karɓar gidan kuma sun riga sun auna tsakar gidan, za su shafe shi da siminti su ajiye babur. Evelio ya ji, ranar bai gama abincinsa ba.

Washegari da rana Zenaida ta tsaya a bakin tagarsu da jakar cefane, ta yi magana da muryar da ta isa har bakin teku.

"Onelia, an kawo kaji a shago, layi ya kai coci. Ba ni dawowa sai yamma. Ga ƙofar bayan nan tawa ta ƙi kulluwa, kare ma ban san inda ya shiga ba."

Evelio ya saurara da kyau. Da ta tafi ya ɗauki kayan aikinsa, ya zagaya, ya gyara mata sakata, ya zuba mata mai, ya ja ƙofar ya tabbatar ta kullu.

Da yamma Zenaida ta daɗe tana duban sakatar. Sannan ta shigo gidan su Evelio ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Komadre, kin ga aikin?" in ji Evelio.

"Na gani, kompadre. Allah ya bar mana kai, tunda ba wanda zai karɓe ka." Ta juya ga Onelia. "Yaya kika yi kika haihu da mutumin nan? Izini ya nema a rubuce?"

Bayan ta fita Onelia ta ajiye kofin gahawa a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Uwarka a kan jaki ta sauko da shukar nan, tana ba ta ruwan da za ta sha. In ka ga siminti ya fi dacewa da ita, ai kai ka san siminti."

Ya juya kofin a kan tebur. Can ya ce, "Ita Mama, a ina ta samo?"

"A gidan limamin cocinsu. Kana tsammani ba ta aka yi?"

Kwana biyu bayan haka aka sake kawo kaji, ko da yake mai shagon bai san da zancen ba. Sakatar ma ta sake lalacewa, wannan karon da alamar guduma a jikinta. Evelio ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu, wadda yake zuwa jana'iza da ita, ya fita. Masu wasan domino a bakin layi suka sunkuyar da kai kan teburinsu kamar masu karatun jarrabawa. Matar da ke shanya ta juya baya ta ci gaba da shanya rigar da ta riga ta bushe. Ya tura ƙofa, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya zaɓi reshe mai 'yar saiwa, ya fizge, ya jefa cikin hularsa ta kaba, ya mayar da ita ka. Ta tagar ɗaki ya hango keken ɗinki, da ƙafafu biyu cikin silifa a ƙarƙashin labule. Ya gaishe da labulen da ka, don ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, ya fito yana ƙamshi tun daga nesa.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyarta Zenaida ta zo da na'a-na'a dami guda, ta dangwarar a tebur.

"Wannan ta sha ce, ba ta dashe ba, kana iya godiya. Ka ji an shiga gidana? Unguwar nan ta lalace."

"Me aka ɗauka, komadre?"

"Abin da wani ya yi shekaru yana bina."

Ta kai ido kan bahon, inda wani ɗan tsiro ya fitar da sabbin ganye biyu. "Wannan fa?"

Evelio ya danna kara a gindin kofi, a hankali, bai ɗago ba. "Tsuntsu ne ya yar."

Ta karɓi kofinta ta kurɓa, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye. "Sukarin ya yi yawa," ta ce, ta miƙo a ƙara mata.

Yanzu bahon ya cika har yana zubowa, teburin Lahadi ya koma wurinsa. Evelio ya ɗauki al'adar zagaya unguwa da safe, wai likita ya ce ya riƙa motsa ƙafa, kuma ba ya fita sai da hula. Kwanakin baya Onelia ta ga sabon gwangwani kusa da bahon, da wani tsiro mai jan fure irin na ƙofar gidan malamar asibiti. Ta dube shi, ta dubi takardar yabon da ke bango, ta ɗebo ruwa ta ba shi.