Lubban Ɗin Kakata

Jiya a kasuwar Al Ras, nan ƙasar Larabawa inda na zo sarin kaya, wani mai shago ya jefa lubban a garwashi, sai na tsaya cak a tsakiyar layi. Masu tura kaya suna ta "yalla, yalla," wai in matsa, ni ko gezau. Ƙamshin ɗakin kakata ne ya tare ni.

Kakar nan tamu 'yar fatauci ce. A ƙasa ta je Makka ta dawo, tsarabarta duka ƙullin lubban ne a bakin zane. Ba ta ƙona shi don biki, balle don baƙo. Sai wani na gida zai yi tafiya take ɓantar ɗan kaɗan ta sa a kasko, ta turara masa tufafi. Wai turaren ya san hanya, domin tun zamanin da raƙuma ke jigilarsa daga Yaman zuwa Sham da Masar yake yawo. Ta ce ayarin da ya tsamo annabin nan daga rijiya, kayan ƙamshi ya ɗauko. Maƙwabcinmu Kirista ya ce haka yake a littafinsu ma. Kaka ta ce, "Ku kun karanta, ni na taka."

Wata damina baffanmu ya yanke cewa ta tsufa, fatauci ya ƙare, har ya ɓoye mata takalma. Ruwa na ɗaukewa, ƙasa na ta ƙamshi, ta fifita garwashi, ta turara zanenta da kanta, ta ɗauki kayanta ta fice ba takalmi. Tsohuwar nan ba ta jin kira, shi ya sa nake sonta.

Yau ga ni a shekarunta. Shekaranjiya babban ɗana ya bugo waya daga Kano. "Umma, wannan ce tafiyarki ta ƙarshe. Yanzu ta waya ake sayen kaya, a turo har gida. In kin dawo, fasfonki a wurina zai zauna."

Na san tausayin gwiwoyina yake ji. Amma wallahi raina ya ɓaci. Raƙuma sun zama kwantena, na yarda, sai dai waya ba ta shinshina kaya.

Na shiga shagon na sayi lubban mai kyau, wanda zai ishe ni tafiyar baɗi da ta bayanta. Fasfo kuwa yana lalitata, ɗaure a ƙuguna, can zai ci gaba da kwana. Takalman na bar masa, ya ɓoye.