Hatsin Babana a Filin Ƙwallo

Duk sa'ad da samarin yanzu suka zo suka zauna gabana suna cewa ni ne ɗan Damargu na farko da ya ci abinci da ƙwallon ƙafa, raina ɓaci yake yi. Ba ƙarya suke yi ba. Na buga, na iya, kuma an ciyar da ni don in buga. Sai dai har yau babu wanda ya taɓa tambayata a filin wa muka buga. Gonar babana ce.

Masu boko sun ce shekarun alif ɗari tara da ashirin da wani abu ne. Ni dai na san Nasara ba su daɗe da gama babban yaƙinsu ba suka kafa wani ɗan bariki a bakin garinmu, kan hanyar Tanut zuwa Tarka. Nasara guda ne a ciki, wani sarjan mai gajeren wuya, sai sojoji baƙar fata, Bambara da Mosawa, sai tafinta. Sarjan ya zo da ƙwallon fata a cikin kayansa, yana ji da ita kamar ɗiyar da ya haifa. To ƙasarmu rairayi ce, ƙwallo ba ta gudu a kanta. Ya hau doki ya zaga gari, idonsa ya faɗa kan gonar babana, shimfiɗaɗɗiya mai ƙasa da ƙarfi, an gama girbi ke nan. Ta bakin tafinta ya ce aro ne, na rani kawai. Aka fito da iyayenmu mata suka tuge tushen kara, suka share ƙarangiya da hannu, aka kafa itatuwa biyu a kudu, biyu a arewa, gidajen da ake zura ƙwallo ke nan.

Ni lokacin ina cikin samarin da aka kama aikin tilas, muna ɗebo wa bariki ruwa daga rijiya. Wata la'asar ƙwallon ta gangaro inda nake, tulu na kaina, na mayar da ita da gefen ƙafa ban ko tsaya ba. Ba wani abin mamaki ba ne, duk garin an san ni a langa, tsayuwa da ƙafa ɗaya ba ta dame ni ba. Sarjan ya nuna ni da yatsa. Washegari aka cire ni daga ɗibar ruwa, aka rubuta mini abinci a bariki, aikina ƙwallo da share fili.

A tsakiya ya sa ni. Ɗan tsakiya shi ne mai rabo: ya karɓo daga na baya, ya duba, ya miƙa wa na gaba, inda ya ga dama nan wasa zai karkata. Ba zan ɓoye ba, na so abin nan. Kafin ƙwallo ta iso ƙafata na riga na san wanda zan ba. Sojojin da ke da takalmi sukan zo da ƙarfi su kwashe ni, in goce, su kwashi ƙasa. Har Damagaram aka tafi da ni muka buga da sojojin babban bariki, Nasarun can suna tambaya ina aka samo wannan mara takalmi. Na dawo ina jin kaina, na tarar da babana yana kankare gindin rumbu.

Damina ta zo ba a mayar da gona ba. Babana ya je bariki, tafinta ya ce ya dawo baɗi. Baɗi ta zo, aka kore shi tun daga ƙofa. Muka koma noman wata 'yar jigawa ta kawuna wadda ba ta cika rumbu ɗaya. Kuma a garinmu akwai ƙa'ida da kowa ya sani: gonar da ta yi damina uku mai ita bai ɗauki ko dami guda a cikinta ba, ta koma hannun mai gari, ya ba wanda ya ga dama. Tafinta ya san wannan sarai, don ya auri 'yar ƙanen mai gari, kuma na sha ganinsa bayan wasa yana taka filin yana auna shi da ido.

Da damina ta uku ta matso, babana ya kira ni bayan sallar asuba. Ya ce, "Gobe zan tahi in yi binne." Binne shi ne a shuka hatsi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. Na ce, "Baba, a ina?" Ya ce, "A gonata mana. Ina da wata ne?" Na ce za a tattake. Ya dube ni ya ce, "Kai ba ka ce kai ne mai rabon abin ba? Dami guda nike so in aza gaban mai gari. Guda."

Washegari, da sojoji suka fita sintiri da sarjan, babana da mahaifiyata suka bi filin da sungumi, yana sara, tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ni na share bayansu, tun da shara aikina ce. Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki, fili ya tashi kore, layi-layi.

Sarjan ya yi murna har yana tafa hannu. Wai ciyawa ta fito masa irin ta filayen ƙasarsu. Mutum ya zo mulkin ƙasar hatsi, yana karɓar harajin hatsi, bai san hatsi ba in ya tsiro! Amma sojojinsa 'ya'yan manoma ne, da gani suka gane. Wani tsohon soja Babambare ya tsuguna ya taɓa tsiron, ya ɗago ya dube ni. Ran nan wasa ya lalace, kowa na gudu yana tsallake-tsallake, don babu ɗan halak ɗin da zai taka abinci da gangan. Sarjan ya yi ta zagi da busa usur. Dole aka taka. Tsakiyar fili, inda nake, nan ne ya fara mutuwa.

Gefen gabas na sa wa ido. Sarjan kullum a gefen yamma yake buga wasansa, don kada ranar la'asar ta shiga idonsa. Sai na mayar da duk ƙwallon da ta zo ƙafata wajensa. In na ƙwato, yamma. In aka miƙo mini, yamma. In abokan karawa suka nufi gabas da ita, in tare su tun daga nesa in koro su. Su ma ba su yi gardama sosai ba. Wani Bamoshe dogo da ke buga mana gefen gabas ya yi makonni a tsaye wuri ɗaya kamar mutum-mutumin korar tsuntsu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba, bai kuwa taɓa yin ƙorafi ba. Allah Ya ji ƙansa in ya rasu.

Ban taɓa buga ƙwallo mai kyau kamar ta daminar nan ba, ban kuma taɓa jin haushinta kamar lokacin ba. Ina gudun mutum biyu, ƙirjina na zafi, ina ciyar da ƙaton da ya ƙwace mana gona, shi kuwa yana ta ci yana tsalle, ya ɗauka iyawarsa ce ta ƙaru. Har ya kira ni gaban jama'a ya ba ni tsohuwar rigarsa ta wasa da ƙullin gishiri. Na karɓa, don ba a mayar wa Nasara kyauta. Na kai gida, babana ya ce a jefa rigar a bayan rumbu.

Hatsin gabas ya kai gwiwa, ya kai cinya. Sarjan ya fara cewa ciyawar can ta yi tsawo, amma tun da ba ya zuwa wajen bai matsa ba. Babana yakan zo da hantsi ya tsaya daga nesa yana kallo, hannu a baya. Hatsi ya yi ciki, saura kaɗan ya fid da kai. Ran nan tafinta ya raɗa wa sarjan magana a kunne, muna tsaye muna gani.

Da ma fushi sarjan ya yi, da na fi samun sauƙi. Dariya ya yi. Ya je ya tsinki ganye ɗaya ya shinshina, ya ce a yanke a kai wa dokinsa. Ya miƙo mini lauje, na ƙi karɓa. Aka ɗaure ni a ɗaya daga itatuwan gidan kudu aka yi mini bulala, ina kallo aka sa fursunoni suka yanke shi tas. Kafin magariba dokin ya cinye rabin. Washegari aka kwance ni aka ce in shiga tsakiya, don ba su da wani.

Da kaka aka yi wa sarjan canji, ya naɗe ƙwallonsa ya tafi. Wanda ya maye shi bai damu da wasa ba, aka sallame ni, wasana ya ƙare ke nan. Babana ya sa rigarsa ta Juma'a, muka tafi ƙofar mai gari. Dattawa na zaune, tafinta na gefe a kan kujera.

Babana ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, Nasara ya tashi, na zo a bar mini gonata."

Mai gari ya ce, "Damina uku, ina damin da ka ɗauka?"

"Na shuka, kowa ya gani. Ƙarfi aka gwada mini."

Dattawa suka fara gyaɗa kai, na ji sanyi a raina. Sai tafinta ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, a tambayi yaron nan. Wa ke tsakiyar hilin kullum? Wa ya fi kowa taka shi? In gona ce a wurinsu, ɗan mai gona shina rawa a kanta?" Ya juyo gare ni. "Ka ci tuwon bariki ko ba ka ci ba? An ba ka riga da gishiri ko ba a ba ka ba?"

Na ce kama ni aka yi. Na ce su dubi bayana, na kama wuyan riga zan cire. Mai gari ya ɗaga hannu ya ce tambaya aka yi mini, in amsa. Na ce na ci, an ba ni.

"To, kun ci kuɗin gonarku," in ji mai gari.

Dattawan nan duk sun san gaskiya. Wasunsu da idonsu suka ga hatsin a bakin doki. Amma kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Su na fi jin haushi har gobe, fiye da Nasaran, don shi baƙo ne, su kuwa sun ci tuwon sunana. Na miƙe zan yi kan tafinta, babana ya riƙe ƙafata daga inda yake durƙushe, ya ce, "Zauna. Ka yi abin da na sa ka."

Da damina ta kewayo, tafinta ya nemi 'yan ƙodago su shuka masa sabuwar gonarsa, gonar babana da mai gari ya ba shi. Rumbunmu babu komai. Babana ya ɗauki sungumi ya tafi, ya ce in zauna gida, kada in kuskura in biyo shi. Na tsaya a bakin danga ina hangensa yana sara, wani yaron tafinta yana bayansa yana ce masa ya ɗaga ƙafa.