Makin Shekara Guda a Cikin Gwangwanin Toka

Mun tashi da asubar Laraba, ni da Kawu, ƙanen Umma, ko shayi ban iya shanyewa ba. Duk wanda ya san ni ya san ko kasuwar Ƙanƙara sai an matsa mini nake zuwa, don haka bari in fara faɗa muku abin da ya fito da ni.

Makarantarmu tana da rassa uku: Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. A reshen Sabuwa na yi aji ɗaya na babbar sakandare, kafin mu taso mu dawo nan. Bana ina aji uku, za a yi mana rajistar jarabawar fita, kuma dole a haɗa da makin kowace shekara. Ranar Litinin Shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Ga sunana, ga hotona cikin hijabin da ya yi mini yawa, ga makin aji biyu, amma layin aji ɗaya fari fat. Ta ce ranar Juma'a za ta rufe jerin sunaye, wanda makinsa bai cika ba sai baɗi. Ta ce bayanan rassan duka suna cikin wata babbar na'ura a Faskari, kuma Malamin da ke kula da ita ba ya buɗe bayanin ɗaliba ta waya, sai ta je da kanta tare da wani nata.

Sammakon namu bai yi amfani sosai ba. A tasha mota ta cika, amma direba ya zauna kan benci yana ɓare gyaɗa. Ba sa tashi sai motar farko ta iso daga wajen Sheme, an tambayi mai ita lafiyar hanya. Babu wanda ya yi ƙorafi. Da wata ja ta shigo, direbanta ya ɗaga hannu ta taga ya ce, "Lau," sai kowa ya gyara zama. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda Kawu ya sani, ya ce wa kwandasta, "Kai, jirgin sama kuka saya mana?" Aka yi dariya, ya biya.

Kaka ce, don haka gefen titi duk shanya: masara, waken suya, jan barkono a kan buhuna. Wata tsohuwa 'yar Ruwan Godiya da ke kusa da ni ta riƙo kaza a cinya, ta ɗaure mata ƙafa da bakin tsohon zane mai zanen agogo. Duk ramin da muka faɗa, kazar sai ta kalle ni kamar ni na haƙa shi. A Sheme muka sauka muka sayi ƙosai mai zafi da yaji, na ci biyu na kasa ƙarawa, muka sake mota zuwa Faskari.

Ban taɓa ganin ɗaki irin na na'urar nan ba. Ba shi da taga, ƙofarsa ta ƙarfe, kuma sai da Malam ya sa muka cire takalma. Ciki sanyi kamar randa. Na'urar baƙa ce, ta kai tsayin firij, ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa a gabanta. Malam ya ce sunanta saba. Ya nuna mana faifai huɗu da ke jere a cikinta, ya ce duk abin da aka rubuta a Ƙanƙara ko Sabuwa nan yake zuwa, kuma sau biyu ake rubuta shi, idan faifai ɗaya ya mutu ɗan'uwansa na nan. Gara ba ta cin sa, ruwa ba ya jiƙa shi, ba wanda zai goge maki ya sa wani ba tare da an ga sunansa ba. Sai dai rabin solar makarantar ita kaɗai ke sha, ranar da hadari ya rufe kuwa har fankar ofishin malamai ake kashewa dominta.

Kawu ya ce, "Malam, ashe kai kana waje cikin gumi, ita tana ciki tana shan iska?"

Malam ya ce, "Wallahi Alhaji, in ta yi zazzaɓi ni ake kira kafin a kira likita."

Ya sa lambar sirri, ya rubuta sunana. Layin nan dai fari. Ya rubuta sunayen 'yan ajinmu na Sabuwa da na tuna, su ma haka. Sai ya daina wasa. Ya duba ya duba, ya ce a shekarar an yi watanni babu sabis a Sabuwa, don haka makin bai taɓa isowa ba. Da sabis ya dawo, mutanen Sabuwa sun ɗauka na'ura za ta jawo da kanta, shi kuma lokacin bai kama aiki ba, wanda ya gada ya koma kudu. Ya ce, "Abin da aka ba ta ba ta yar da shi. Amma wanda ba a ba ta ba, ba ta san ma akwai shi ba." Ya kira Sabuwa. Aka ce kwamfutar wancan lokacin rufi ya yi mata yoyo ta mutu, manyan littattafan maki kuma gara ta gama da su a sito. Sai dai a tambayi Malamar da ta riƙe ajinmu, wadda ta yi ritaya, wayarta kuma ba ta shiga.

Na tsaya ina kallon fitilun nan suna ƙiftawa, idona ya cika. Kawu ya duba agogo, ya ce, "Sa takalminki."

Ta Dandume muka bi. Ban lura da abu da yawa a wannan hanyar ba, sai rake da aka jingina a bakin titi, da wani mai babur da ya ɗauko ƙofa sukutum a bayansa. A shingen jami'an tsaro aka leƙo aka ce, "Ina zuwa da ɗaliba ranar makaranta?" Kawu ya ce, "Maki muka fito nema, yallaɓai." Mutumin ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Mun shiga Sabuwa ana kiran la'asar.

Malama tana tsakar gida tana ɓarzar masara. Ta rame kaɗan, amma tabaronta na nan da zaren da take ɗaure shi. Tun kafin in gama gaisuwa ta ce, "A'a! Mai zama layin baya kusa da taga! Har yanzu ba ki koyi ɗaga murya ba?" Kawu ne ya yi bayani, ni ina kallon tabarma. Ta saurara, ta tafa hannu.

"Yaron da ke riƙe da kwamfutar makarantarmu a lokacin ai ya ba ni wani abu. Ya ce Malama, ga makin shekara duka na kwafe, ki aje inda danshi ba ya kai, zan aiko a amsa. Har yau ina jiran ɗan aike."

Ta shiga ɗaki ta jawo wani babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. Da ta buɗe, sai ga toka cike, da busasshen barkono a sama. Haka take ajiye irin wake daga kaka zuwa damina, kuma ta ce tunda take ƙwaro bai taɓa huda mata ko ƙwaya ɗaya ba. Ta tura hannu har wuyan hannu, ta fito da ƙullin wake, ta ajiye. Ta sake turawa, ta fito da wani ƙullin leda. A ciki akwai safar jariri, a cikin safar kuma faifai, ɗan baƙi kamar sabulun wanka, da igiyarsa a naɗe.

Kawu ya ce, "Malama, da kin shuka shi da bana mun girbe kwamfuta."

Ta ce, "Kai dai Alhaji, da na bar shi a ofis da yanzu kana gaisawa da gara."

A makarantar Sabuwa ba mai lambar sirrin zuba maki a saba, sai Malamin Faskari kaɗai. Dole muka kwana. Malama ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, kuma a ranar ne na fara cin abinci har na ƙoshi tun Litinin. Da safe ta mayar da faifan cikin safarsa, ta sa mini a aljihun jaka da hannunta, ta ce kada in ba kowa riƙo, ko Kawu.

Kafin azahar muna Faskari. Malam ya kwance ledar, toka ta tashi, ya yi atishawa uku a jere saboda barkonon. Ya ce, "Inna lillahi! Toka? Faifai a cikin toka?" Ya ɗauko ɗan buroshi ya share bakin igiyar a hankali, ya ce mu sani faifan da ya daɗe bai juya ba yakan ƙi tashi. Bai haɗa shi da saba ba tukuna, sai ya fara gwada shi a wata tsohuwar kwamfuta, wai ko ya ɗauko cuta. Ya soka. Shiru. Sai wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, kamar ɓera a bayan kwano. Na riƙe bakin hijabina da hannu biyu. Sai wata shuɗiyar fitila ta kama.

Ga mu nan duka, 'yan ajinmu, zango uku cif. Na ga sunana, na ga lissafin da na kusa faɗuwa a zango na biyu, kuma ban taɓa murnar ganin mugun maki irin ta ranar ba. Malam ya kira Shugabar Sabuwa ta tabbatar, sannan ya zuba. Ko minti biyar ba a yi ba wayar Kawu ta yi ƙara. Shugabarmu ce daga Ƙanƙara: layin ya cika a gabanta, ta sa sunana. Malam ya ce akwai 'yan ajinmu da ke Sabuwa da su ma Juma'ar nan za ta rutsa da su, su ma sun tsira. Ya jingina da kujera ya ce daga yau duk ƙarshen zango zai riƙa bin aji-aji yana duba ko akwai layin da ya zo fari, kuma zai koya wa mutum ɗaya a kowane reshe aikin.

Mun iso gida la'asar sakaliya ranar Alhamis. Umma tana bakin ƙofa, ta kalli fuskata kawai ta ce, "Alhamdulillahi," ta koma ciki ta ɗora ruwa.

Abin da na koyo shi ne, na'urar nan ta cancanci sanyin da take sha. Maki ya tashi daga Faskari ya riga mu isa Ƙanƙara, mu da muka yi yini biyu a hanya. Amma shekaru biyu tana zaune da rami a cikinta ba ta faɗa wa kowa ba, kuma mutum ɗaya ne ke da mabuɗinta. Ku da kuke aji ɗaya da aji biyu, kada ku jira shekarar fita. Ku je ofis ku roƙi a nuna muku layinku tun yanzu, ko da kunya za ta kashe ku kamar ni.

Da safiyar Juma'a aka kafe jerin sunaye a allon sanarwa. Na jira kowa ya watse, sannan na je na sa yatsa a kan nawa.